Salkar Gada

Tumakin Inna duk zuriyar tunkiya ɗaya ce, wadda kakata ta ɗaura wa igiya aka biyo Inna da ita ranar da aka kawo ta gidan Baba. Dangin su Inna makiyaya ne tun asali, ko da yake yanzu Fulatancinsu bai wuce na gaisuwa ba, kuma a wurinsu abin kunya ne mace ta bari zuriyar irin wannan tunkiya ta yanke a hannunta. Da ina ƙarama, turakun ɗauri ba sa isar garken. Amma lokacin da na gama karatun kiwon lafiyar dabbobi na dawo ƙauyenmu da ke kusa da Sara, abin da ya rage tsohuwar tunkiya ce ɗaya da ɗan ragonta.

Manyan ba sa mutuwa, 'ya'yan ne. Ɗan tunkiya zai yi wata uku ko huɗu yana tsalle, sai ya fara kwanciya, cikin idonsa ya yi fari, ya rame, wata safiya a tarar ya miƙe ƙafa. An yi turare, an rataya laya a bakin garke, an sauya wurin turke har sau uku. Inna ta zargi ido, ta zargi iska, daga ƙarshe ta koma zargin kanta, wai hannunta ne ya daina karɓar kiwo. Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai.

Da kakar shekarar da na fara aiki a ofishin dabbobi na Birnin Kudu, ɗan ragon nan ma ya bi sahu. Ranar ina gida. Aka ja shi za a jefar bayan gida kamar yadda aka saba, na ce a dakata, na ɗauko wuƙa. Inna ta riƙe baki.

"Ke, mushe za ki feɗe? A gidan nan?"

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ɗin nan shi ne sunana, kuma daga yadda ta ja shi nake gane zurfin laifina. Ranar ta ja shi da tsawo, amma ban fasa ba.

Hantar na fara dubawa. Duk ta yi layi-layi na jini, kamar yadda gara ke bin jikin katanga. A jikin kitsen da ke lulluɓe da hanji kuma ga wasu ƙunsoshi uku suna reto, kowanne ya kai ƙwan zabo, cike da ruwa garai-garai, da ɗan farin ɗigo a ciki. Na san su daga makaranta. 'Ya'yan tsila ne, doguwar tsutsar nan mai faɗi da ke zama a hanjin kare. Kare ya yi kashi, ƙwan tsutsar ya hau ciyawa, dabba ta ci. 'Ya'yan su huda hanta su wuce, su kwanta cikin ƙunshin ruwa suna jiran wani karen ya cinye su. Babbar dabba takan jure. Ƙarama, in ta haɗiye da yawa lokaci guda, hantar ce ke lalacewa.

Ina durƙushe a kai sai ga Baba ya dawo daga gona. Ya leƙa, ya ajiye fartanya.

"Ikon Allah! Salkar gada a cikin tunkiya?"

Baba maharbi ne, ɗan maharbi. Da damina ya yi noma, da rani ya shiga dajin da ya yi wajen Gwaram shi da karensa, wani ja mai yankakken kunne. Na ce, "Baba, me ka kira ta?"

Ya bayyana mini da jin daɗin wanda aka tambaya abin da ya sani. Wai gada tana da 'yan salkuna, irin jakar ruwan nan ta fata, a ciki inda take adana ruwan rani, shi ya sa za ta yi wata da watanni ba a gan ta bakin rafi ba. Kuma al'adar maharba ce, in kare ya kama, ana yankawa a nan take a buɗe ciki a ba shi kayan cikin da ɗuminsu. Wannan haƙƙinsa ne. Wanda ya hana kare haƙƙinsa ya kashe masa zuciya, ba zai ƙara bin sawu da gaske ba. Salkar kuwa ita ake fara miƙa masa, don kada ƙishirwa ta kama shi a daji.

Na juya na dubi bayan gida. Nan ake tara harawar Inna, nan karen ke kwana, nan yake kashi. Nan kuma ake jefa duk ɗan tunkiyar da ya mutu. Ruwa ba ya tsami banza. Na faɗa wa Baba abin da na gani, kuma na faɗa da gaggawa da ɗaga murya, irin ta wanda takardar makaranta ba ta gama hucewa a hannunsa ba.

Bai yi fushi ba, dariya ya yi, abin da ya fi ciwo. "Likitar tumaki, naman daji ba ya ciwo. Abin da ke cin ganyen magani safe da yamma, ina cuta za ta shiga? Ku dai da ke cusa wa dabba dusa ku nemi laifinku."

Da sanyi ya shigo tsohuwar tunkiyar ta haifi biyu, mace da namiji. Haƙoranta sun zube, kowa ya san haihuwar ƙarshe ce. Inna ta shafa kan macen ta ce in wannan ta tafi, ta gama kiwo har abada. Ba ta yi kuka ba. Ni kuwa na rantse a zuciyata cewa ko za a kore ni daga gidan, sai 'yar tunkiyar nan ta rayu.

Abin da nake iyawa ni kaɗai na fara yi. Na bi karen da sassafe da leda da tsinke, matan maƙwabta suna leƙe ta katanga, na kwashi kashinsa na tafi da shi Birnin Kudu a ƙasan jaka, ina addu'ar kada wani a motar ya tambayi mene ne ke wari. Aikin ba wuya. Ana dama kashin a ruwan da aka narkar da gishiri har ya ƙi narkewa, a tace, a cika ƙaramar kwalba taf, a ɗora siririn gilashi a baki. Ƙwan tsutsa ya fi ruwan sauƙi, sai ya taso ya manne. Na sa a ƙarƙashin madubin da muke duba ƙwayoyin cuta, sai ga su nan birjik, ƙulu-ƙulu, ruwan ƙasa, masu kaurin ɓawo.

Na kuma roƙi Baba ya tsinto mini kashin namun daji. Ya ce ashe tsintar kashi ya tura ni koyo. Amma ya kawo, don ba zai iya barin damar nuna gwaninta ta wuce shi ba. Ya baje su a kan buhu yana nunawa da tsinke: wannan na gada ne, ga tsininsa, wannan na zomo, wannan na gafiya, kwanansa biyu. Ban taɓa ganin malamin da ya san darasinsa haka ba. A cikin na gada da na zomo na sami ƙwai na wasu tsutsotsin daban. Na kara wayata a bakin madubin na ɗauki hoto, na kawo masa da rawar jiki.

Ya karɓa ya nisanta ta da idonsa, ya miƙo mini. "A waya ai har jaki na gani yana tuƙa mota."

Na ba karen maganin tsutsa a ɓoye cikin loma, na ɗaga harawar na ɗora a kan rumfa. Amma na san aikin banza nake muddin za a koma daji a sake miƙa masa salka. Don haka na sayo roba mai murfi na rataye a jikin jakar farautar Baba. Na ce abu ɗaya nake roƙo: ranar da ya sami gada, ya hana karen salka guda ɗaya tak, ya kawo mini. Ya cire robar ya ajiye a zaure. Na mayar. Ya cire, na mayar. Mun yi sati biyar a haka ba wanda ya ce wa wani uffan. Taurin kan nan a wurinsa na gada, ba shi da bakin ƙorafi.

Gada ta yi wuya yanzu, gonaki sun cinye dajin. Sai da zafi ya fara sannan ya samu. Wata Asabar da hantsi ya shigo, ya dire robar a gabana, da salkuna biyu a ciki.

"Ga shi. Nuna mini tsutsar."

Na san yadda ake yi. In aka sa ƙunshin a ruwan ɗumi da ɗan ruwan maɗaciya, abin da ke ciki zai ɗauka ya isa hanjin kare, sai ya fito da kai. Na miƙe da isa na ce a ba ni maɗaciyar gadar.

Baba ya dube ni, ya dubi abokinsa, wani tsohon maharbi da suka dawo tare, sai suka fashe da dariya har abokin yana riƙe bango.

"Gada ba ta da maɗaciya, likita. Ba a koya muku ba?"

Wallahi ba a koya mana ba. Na duba hantar da kaina, na juya ta gaba da baya, babu. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suna zafi, kuma na ga abin da Baba ke tunani a fuskarsa: wadda ba ta san cikin gada ba ita ce za ta faɗa masa ciwon gada. Na yafa mayafi, na hau babur zuwa Sara. Mahauci na farko ya ce wa ke sayen maɗaciya in ba mai haɗa asiri ba. Na biyu ya yanko mini ta akuya ya ƙi karɓar komai, ya ce dai in ya yi aiki in dawo in ba shi labari.

Na dawo na tarar ba su tashi ba, jira suke su ƙarasa dariyar. Na zuba ruwan ɗumi a kofin gilashi, ɗumin da za a yi wa jariri wanka, na ɗiga maɗaciyar, na tsaga salka ɗaya kaɗan na saka. Na ɗora kofin cikin kwanon ruwan zafi don kada ya huce. Muka zauna. Minti goma, ba komai. Abokin Baba ya fara zancen ashe haka ake shayi a makaranta.

Can sai farin ɗigon nan ya motsa. Ya kumbura, ya juyo daga ciki kamar ana zare hannun riga, wani siririn wuya ya miƙo, da ɗan kai a ƙarshensa. Ya lanƙwasa hagu, ya lanƙwasa dama, yana neman abin kamawa.

Abokin ya yi salati ya ja da baya. Baba bai motsa ba. Ya ɗauki kofin ya kai bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana kallo. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana karanta sawu ba ya buƙatar a gaya masa abu mai rai ne.

"Wannan nake ba shi?"

"Shi ne, Baba."

"Shi kuma ya zo ya zubar a harawar Innarki."

Na ce haka ne. Na ƙara da cewa ban san wa ya fara ba wani ba, daji ko gida, don mushen da muke jefarwa ma karen ke ci, ya koma daji ya yi kashi inda gada ke kiwo. Ya tambaya ko wuta na kashe tsutsar, na ce tana kashewa in an dafa sosai. Daga ranar ya ƙara ƙaramar tukunya a kayan farautarsa. Haƙƙin kare bai faɗi ba, sai dai ya jira a dafa. Na ji labarin maharba sun yi ta yi masa tsiya, wai ya zama kukun kare.

Amma mun makara da ɗaya. Bayan kwana tara namijin tagwayen ya kwanta, cikin idonsa ya yi fari. Na yi duk abin da na sani, bai tashi ba. Na zauna kusa da shi ina jin haushin kaina, ina lissafin satuttukan da muka ɓata muna wasa da roba.

Baba ne ya ɗauke shi. Ya ɗaure karen a gindin dalbejiya, ya ɗauki diga ya tafi ƙarshen gona. Ƙasar rani ce, ta yi tauri, amma ya haƙa har ramin ya kai masa ƙugu, ya binne, ya jera duwatsu a kai. Ya dawo jiƙe da gumi ya tsaya a bakin garke, inda Inna ke zaune da 'yar tunkiyar a kan cinya tana buɗe mata ido tana dubawa. Ni ina bakin madafa, ina jin su.

"Shekara nawa kina cewa hannunki ne," in ji shi. "Ashe nawa ne. Ki yafe mini."

Tunda nake ban taɓa jin Baba ya roƙi gafarar wani mahaluƙi ba. Inna ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da shafa bayan 'yar tunkiyar.

"Allah ya yafe mana, Malam," ta ce. Sannan ta juyo wajena, idonta cike da hawaye. "Ke, zo ki duba mini idon nan. Ni dai na ga kamar da sauran ja."

Na je na durƙusa na ja fatar idon ƙasa da babban yatsa. Ja ne, jawur. Na gaya mata, ta ce in sake dubawa, na sake.