Mai Auna Kwakwa da Wuya

A kasuwar Iloilo, gaban rumfar kwakwa, wani ƙato yana tsaye. Kafaɗunsa har yanzu na saurayi ne, sai dai tumbinsa ya riga shi isowa rumfar. Rigar kwalejinsa ta koɗe, usur yana lilo a ƙirjinsa, daidai inda lambar yabo ta taɓa kwana.

Ba ya girgiza kwakwa a kunne kamar kowa. Ɗora ta yake a gindin yatsu, ya manna ta ƙarƙashin muƙamuƙi, ya ɗaga gwiwar hannu, ya lumshe ido. Ina jin shekara talatin ya koma baya, zamanin da yake jifan ƙwallon ƙarfe, fili na kiran sunansa. Yanzu koyarwa yake yi, kuma na tabbata rabin darasin labarin kansa ne.

"Koci Dionisio, saya za ka yi ko jefawa?" in ji dattijuwar mai rumfa.

"Manang," ya ce, wato Yaya a harshensu, "wannan hannun mita goma sha huɗu ya jefa. Duk lardin nan ba wanda ya taka layina."

"Sai ranar Asabar da ta wuce. Renato nawa, wanda ka kora ka ce damtsensa tsinken gasa ayaba ne, ya wuce ka da taƙi guda. Da lodin kwakwar nan ya koya. Kai ma fa ka riƙe igiyar awon."

Ya sauke kwakwar daga wuyansa a hankali. Ya kai ta kunne, ya girgiza, kamar kowa.