Titilayo Mai Gyaran Magana

A Gyaɗi-Gyaɗi aka haifi Titilayo, a wani gidan haya bayan layin masu faci. Mahaifinta, Baba Tunde, Bayarabe ne mai gyaran keken ɗinki da ya zo Kano tun yana saurayi. Ita kuwa da Hausa ta buɗe baki. Yarabancinta bai wuce na gaisuwa da amsa kiran uwa ba.

Bayan digirin farko ta koyar a wata makarantar yara a Tarauni. Nan ta riƙa haɗuwa da yaran da magana ke maƙale musu a baki, ta rasa yadda za ta yi da su. Abin ya tsaya mata a rai har ta nemi gurbin digiri na biyu a wata jami'a a kudu.

Ana gobe za ta tafi, maƙwabciyarsu Hajiya Indo ta tare ta a zaure.

"Wai me za ki karanto ne, 'yar nan?"

"Gyaran magana, Hajiya."

"Au, sulhu? Irin na ma'aurata?"

"A'a. Masu in'ina, da yaran da suka daɗe ba su yi baki ba, da waɗanda ciwo ya ɗauke wa magana."

"Likita ke nan."

"Ba likita ba ce."

Hajiya ta yi mata fatan alheri, ta shiga unguwa tana cewa Titi ta tafi koyon aikin rediyo.

A can ma ba ta tsira ba. Malamai suka ga sunanta, suka haɗa ta da wata ƙaramar yarinya Bayarabiya, ta saurari maganarta ta faɗi inda matsala take. Titi ta kasa kunne iya kasawa, ta ce yarinyar tana karkatar da murya inda bai dace ba. Malamar da ke kula da ita ta saurara da kanta, ta cire tabarau ta ce, "Yarinya lafiyarta ƙalau. Kunnenki ne baƙo." Daga ranar 'yan aji suka sa mata Bahaushiya.

Littattafan kuma duk a kan bakin Turawa suke. Ta tambayi wani farfesa a shekara nawa ya kamata ɗan Bahaushe ya iya furta "ƙ". Ya ce, "Ai ke za ki gaya mana." Ta fito ba ta gane ba, yabo ne ko kora.

Da lokacin koyon aiki ya zo, ta roƙa aka turo ta wani asibiti a Kano, inda ma'aikata ke ce mata Bayarabiyar nan. Aka ba ta Malam Ɗahiru, direban adaidaita sahu daga Babban Giji, wanda hawan jini ya kayar, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta tafi. Matarsa Maryam ce ke kawo shi.

Titi ta fito da katunan hotuna da aka koya mata aiki da su, ta nuna masa tuffa, ta nuna jirgin ruwa. Ya yi ta kallo. Kalmar ce ta ɓace masa, ko abin ne bai taɓa damunsa ba? Washegari ta zo da buta da hula. Komai ta ɗaga sai ya ce, "To."

Rannan suna zaune aka kira azahar, sai ga Malam Ɗahiru ya karanto Fatiha tiryan-tiryan, ko gargada babu. Maryam ta zabura.

"Ya warke!"

"Tukuna dai, Maman yara. Abin da aka haddace daban yake zama a ƙwaƙwalwa."

"To in zai iya karatu, me ya hana shi kiran sunana?"

Titi ta san amsar da Turanci. Da Hausa kuwa, duk yadda ta juya ta sai ta fito kamar da gangan yake ƙi.

Sai ta koma bin abin da bakinsa ya saba. Ta ce ina kwana, ya ce lafiya lau. Ta ce Zoo, ya ƙarasa Road, sunan titin da ya saba bi da adaidaita. A gida 'yan'uwansa na ba shi rubutu, a asibiti ana gasa masa hannu, kowa da nasa. Bayan wasu watanni, wata safiya ya dubi matarsa ya ce, "Maryam, ruwa." Masu rubutu suka ce aikinsu ne, masu gashi suka ce nasu. Littafi kuma ya ce ƙwaƙwalwa kan farfaɗo da kanta a watannin farko.

Ranar kare bincikenta, wani malami ya tambaye ta ko dabararta ce ta dawo wa Malam Ɗahiru da magana. Ta ce, "Ban sani ba." Malaman suka haɗa kai suna ƙus-ƙus, ita ta riga ta sallama. Aka ce ta ci.

Yanzu a asibitin take aiki. Malam Ɗahiru bai koma tuƙi ba, yana wuni a shagon ƙanensa a Daurawa. In ta zo wucewa yakan ɗaga hannun da ke motsi ya kira ta. Wata rana ya ce Titi, wata rana ya ce Tasha. Duk wanda ya fito, takan tsaya ta amsa.