Zagin da Yasore Ta Jira

A Yasore, zamanin da mahara daga Maraɗi ke sauko wa ƙauyukan yammacin Katsina kusan duk rani, aka haifi Armaya'u, yaron da bakinsa ya riga ƙafarsa tafiya. Yana ɗan shekara bakwai ya zagi jakin gidansu, zagi mai tsari, daga kunne har wutsiya. Jakin ya kwanta a tsakiyar hanya, ya ƙi dusa kwana biyu. Tun daga ranar, in mata suka ji muryarsa sai su ajiye taɓarya su saurara.

Mutum ɗaya ce ke iya tsayawa gabansa: Turai, ɗiyar kawunsa, taubashiyarsa. Taubasai kuwa zagi ne gaisuwarsu. Duk wanda ya gaida taubashinsa cikin ladabi, to akwai abin da ya lalace a tsakani.

Yana ɗan sha bakwai, suna gona shi da wansa Muntaka, mahara suka ɓullo daga cikin geza. Jaki ɗaya ne a gonar. Muntaka ya hau. Armaya'u ya tsaya yana kallon bayan wansa da bayan jakin suna ƙanƙancewa, har aka zura masa igiya a wuya.

Ba ubangidan da ya riƙe shi ya kai damina biyu. Kowa ya saye shi da murna ya sayar da gaggawa, kudu, kudu, har Lakwaja. A hanya agana ta cinye masa fuska. Na ƙarshen bai ma nemi mai saye ba. Ya ce masa ya jira a bakin kogi, ya shiga kwalekwale, bai ko waiwayo ba.

A nan ya gamu da Baba Hamma, tsohon bawa mai ɗinkin taru, ɗaya daga cikin masu bin Isa Almasihu da ke garin. Kwana uku Armaya'u na zagin tsohon, kwana uku tsohon na miƙo masa gasasshen kifi. Rana ta huɗu zagi ya ƙare, kifi bai ƙare ba. Ya zauna ya koyi ɗinkin taru, ya ji labarin wanda aka zaga aka tofa wa yawu ya yi wa masu zaginsa addu'a, ya ji an ce saboda irinsa ne Almasihu ya yarda da hakan. Bayan shekara biyu aka tsoma shi a kogi. Yana fitowa, ruwa na zuba daga gemunsa, ya ɗauki alkawarin da ba wanda ya nema daga gare shi: ba zai ƙara zagin kowa ba har ya mutu.

Baba Hamma bai yi murnar da ya zata ba. Ya ce, "Ɗana, ka rufe tukunya, na gani. Abin da ke ciki fa? Almasihu ba ya ƙyamar abin da ke tafasa. Ka riƙa kai mashi shi yadda yake, kullum kaɗan. Kar ka zauna kan marfin kana ce mashi komai lafiya."

Armaya'u ya ce ya ji. Bai ji ba.

Shekara ashirin da biyu bayan an kama shi, ya biyo ayarin fatake ya iso Yasore da ƙafa. Iyayensa sun rasu. Muntaka ne maigida, ya yi teɓa. Ya dubi baƙon sau ɗaya, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ban san shi ba."

Aka taru a ƙofar mai gari. Tsagar gado agana ta share ta. Hausarsa ta gauraya da Nufanci. Ya jero sunayen kakanni har biyar, Muntaka ya ce duk bawan da aka ɗaure igiya ɗaya da ƙanensa zai iya haddace su. Mai gari ya shafa gemu.

"Abin ai mai sauƙi ne. In kai ne Armaya'u, yi zagi mu ji."

"Ranka ya daɗe, na bari. Ni yanzu mai bin Isa ne."

Liman ya ce aminci ya tabbata a gare shi, ya gyara zama zai yi tambayoyi, amma taron bai ba shi fili ba. Wani tsoho ya ce, "Wannan tsakaninshi da Ubangijinshi. Mu zagin muka zo ji."

Mai gari ya yanke hukunci: baƙo zai zauna a zauren Muntaka har a zuba gero a rumbu. Turai ce za ta shaida, don ba mai sanin mutum kamar taubashinsa. In ta ce shi ne, yana da ɗaki da gona da kabari kusa da uwarsa. In ta ce ba shi ba ne, ya bi fatake.

Washegari Turai ta zo. Ta zama babbar mace mai jikoki, mai sayar da daddawa. Ta ajiye ƙwarya ta riƙe ƙugu.

"Kai ne bawan da iyayen gida suka gudu suka bari? Dubi fuska kamar an sheƙa gero a kai kaji sun biyo. Wuya kamar na zalɓe. Wannan ko kyauta aka ba ni sai an haɗo mani da akuya."

Amsoshi fiye da goma suka taso masa har maƙogwaro, kowace ta fi 'yar'uwarta daɗi. Ya haɗiye. Ya ce, "Allah shi yi maki albarka, Turai."

Mata suka yi salati. Ba a taɓa yi wa taubashi irin wannan wulaƙanci a garin ba.

Daga nan Yasore ta ɗauki abin aiki. Mahauci ya taka masa ƙafa da gangan, ya tsaya a kai yana jira. Aka saki awaki a kan 'yar kuɓewar da ya shuka. Wanzami ya aske masa rabin kai ya ce aska ta dakushe, sai kasuwa mai zuwa. Aka kawo jikan jakin nan na da, aka ɗaure a ƙofar zaure, ko jini zai motsa. Mutanen Wagini suka riƙa zuwa da fura a gora, su zauna a inuwa kallon mutumin da ba ya zagi. Kowa albarka yake samu. Mahauci ya ce shi kam tun da aka sa masa albarkar nan ba ya jin daɗin jikinsa.

Gaskiya ya faɗa, don albarkar tana da ƙaya. Armaya'u ya gano cewa "Allah shi yi maka albarka" na sa Muntaka ya ajiye loma fiye da yadda kowane zagi zai yi. Yakan faɗe ta a hankali, yana kallon cikin idon wansa. Yana jin daɗin haka, kuma yana kiran daɗin nan haƙuri.

Abin da ya haɗiye kuwa yana da wurin zubarwa. Bayan gari akwai tsohuwar kuka mai kogo. Kullum da hantsi sai ya ce zai je addu'a. Yakan fara addu'ar kuwa, da gaske. Amma kafin ya kai rabi sai ya tura kai cikin kogon ya zazzage. A lissafinsa kuka ba mutum ba ce, alkawari bai karye ba.

Ana saura kwana biyu a gama zuba gero, yana tsakiyar yi, kai a kogo, yana cewa, "Matsoraci ɗan matsorata, ka hau jaki ka bar ni! Ku duka, kuka ci tuwo kuka kwanta, ba wanda ya biyo sawuna," sai ganye ya zubo masa a baya. Turai ce a kan reshe, da zane ɗaure a ƙugu, tana tsinkar kuka.

Ta sauko a hankali, kamar yadda shekarunta suka yarda.

"To kin ji," in ji shi. "Sai ki je ki shaida."

"Me zan shaida? Tun ranar farko na san kai ne. Wa ke tsayuwa da ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar shamuwa in ba kai ba? Amma ni ba zan shaidi mai jifata da albarka ba. Armaya'un da na sani yana zagina yana raba mani ɗanwake. Kai kuwa kana sa albarka kamar mai zuba guba a rijiya."

Ta matso kusa da shi ta ci gaba.

"Kuma ba wanda ya biyo sawunka? Babana ya kora sanuwar da aka ajiye don aurena har Maraɗi don ya fanshe ka, aka ce an wuce da kai. Wa ya raka shi? Wannan matsoracin. Sau uku yana komawa shi kaɗai. Tun ranar bai ƙara hawa jaki ba, je ka tambaya. Ba gona yake hana ka ba, wawa. In ya ce kai ne, sai ya dubi fuskar nan ya ce shi ya yi ta."

Ta ɗauki kwandonta ta tafi. Armaya'u ya zauna a gindin kukar har rana ta karkata. Maganar Baba Hamma ta dawo masa, marfi da tukunya. Karon farko tun da aka tsoma shi a kogi ya yi addu'a bai yi ado ba. Ya ce, "Ya Almasihu, na ƙi jinin wana. Na ji daɗin azabtar da shi da sunanka. Ga shi nan, ban iya cire shi ba, kai ka cire." Bai ji wata murya ba, bai kuma ji ƙiyayyar ta fita duka ba. Ya dai ji ta yi sauƙin da zai iya tashi da ita. Washegari ya koma ya sake kai ta.

Ranar hukunci har daga Darini an zo. Mai gari ya ce Turai ta yi gwajin ƙarshe. Ta fito tsakiyar fili.

"Kai mai rabin aski, bawan da ba a saye ko da gishiri!"

Armaya'u ya dube ta sama da ƙasa, a natse.

"Turai, ashe kina nan? Na ɗauka tulun daddawa ne aka ɗaura wa zane. Tun daga Lakwaja nake jin warin nan, shi na biyo har gida. Mijinki jarumi ne, Maraɗi ma ba ta da irinshi."

Guɗa ta tashi. Mahauci ya rungumi wanzami. Turai ta zauna a ƙasa tana dariya tana kuka, tana cewa, "Shi ne, la'ananne, shi ne!"

Sai ya juya wajen Muntaka. Kowa ya san yanzu za a ji wanda ya fi na jaki. Muntaka ya sunkuyar da kai kamar mai jiran takobi.

"Yaya," in ji Armaya'u, "jakin nan ba ya ɗaukar mutum biyu. Na sani tun ranar. Na yafe maka, kai ma ka yafe mani albarkar da na riƙa sa maka."

Mutanen Wagini suka ce an cuce su, suka ɗauki gorunansu. Muntaka ya kama hannun ƙanensa ya kasa saki.

Armaya'u ya yi shekara goma sha tara a Yasore bayan haka, yana noma, yana ɗinka wa masunta taru, yana zuwa gindin kuka da hantsi. Wani lokaci a ga kansa a kogo, don abin bai bar shi a rana ɗaya ba, amma an fi ganinsa a durƙushe. Bai ƙara zagin kowa da nufin ciwo ba. Turai kuwa kullum tana samun rabonta.

Ranar da ya rasu, ana fitowa da shi daga zaure, Turai ta tare ƙofa da sandarta.

"Kai mai wuyan zalɓe, haka za ka wuce ba sallama?"

Masu ɗauke da makara suka tsaya. Ita ma ta tsaya, ta karkata kunne, ta ba shi lokaci kamar yadda ta saba. Sannan ta matsa gefe.