Matatar Ruwan da Babana Ya Gina

Ko zan manta da komai na zamanmu a Sabha, ban da ranar da babana ya taya ni aikin makaranta. A shekarun da Libiya ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa ne muka taso daga Nijar muka sauka unguwar Gurda, inda Baba yake aikin gini.

A ajinmu ni kaɗai ce 'yar Nijar, ga ni da bakin tsiya. Da malamar kimiyya ta ce za a nuna wa iyaye yadda ake tace ruwan laka ta amfani da yashi da tsakuwa da gawayi, sai na yi caraf na ce a garinmu ko yaron goye ya iya wannan. Ƙarya ce tsagwaronta, ban taɓa gani ba. Malama ta damƙa mini aikin, 'yan aji kuma suka zuba ido su ga yadda zan ji kunya.

Ruwan lakar ma sai da kawuna ya ɗebo mini daga lambun da yake aiki a garin Samnu, don a Sabha ruwan sama baƙo ne. Na yanke gindin gorar roba, na kifa ta, na toshe bakin da tsumma, na zuba gawayi. Saura yashi da tsakuwa, na kai wa Baba ya cika mini.

Ya juya gorar yana yatsina fuska. "Yashi da tsakuwa zalla? Wa ya koya muku wanga aikin banza?"

"Malama ce, Baba."

"Aje nan, ɗiyata. Ni ka gyara miki shi."

Ranar taro na ji gorar ta yi nauyi, amma ban kawo komai a raina ba. Iyaye suka cika aji, Baba a sahun gaba cikin rigarsa ta Juma'a. Na yi bayani da Larabcina mai gargada, na tsiyaya ruwan ina hura hanci.

Ruwa ya zauna a sama abinsa. Muka jira, shiru. Malama ta ƙwanƙwasa yashin da biro, ya ce ƙwas. Ashe Baba siminti ya kwaɓa a ciki, har da shafe saman sumul.

Aji ya kece da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina hawaye na ga Baba ya taɓo mutumin da ke gefensa, fuskar nan fal alfahari.

"Ka gani? Ko ɗigo bai yi yoyo ba. Aikina ne."

Na daɗe ina fushi da shi, shi kuwa har ya tsufa bai yarda ya yi kuskure ba. Tun daga ranar na koyi cewa in za ka nemi taimakon gwani, ka fara gaya masa amfanin abin, in ba haka ba sana'arsa zai yi maka.