Tsokar Yayarta a Cikin Kwalba

'Ya'yan yayarta ne suka laƙaba mata Anti Lab, sunan ya bi ta har wurin aiki. Tun tana budurwa take ɗakin gwaje-gwajen asibiti, wato lab, tana ciro DNA, zaren da ke ɗauke da gadon halittar mutum, daga jini ko tsoka. Mace ce mai fargaba. Sai ta kai bakin titi ta dawo duba ko ta rufe firji.

Ciwon dajin nono ne ya yi ajalin yayarta. Bayan shekaru, babbar 'yar marigayiyar ta ji ƙullutu a nata nonon. Likita ya so a gano ko ciwon uwar na gado ne. Abin da ya rage na uwar kuwa 'yar tsoka ce da aka yanka lokacin tiyata, aka ajiye cikin fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa.

Anti Lab aka ba aikin ciro zaren daga tsokar, ta kuwa san halin ruwan nan. Yana adana nama, amma yana ɗaure zaren ya sa shi gautsi, in ya daɗe ciki sai ya kakkarye.

"Anti, zai fito kuwa?" in ji 'yar daga bakin ƙofa.

"Ban sani ba, 'yata. Mamanki ko tana raye ba ta son a matsa mata."

Ta wanke tsokar, ta ɗumama ta a hankali, don zafi kaɗan ba zai kwance ɗaurin ba, mai yawa kuma zai ƙarasa zaren. Ta zuba sifirit mai sanyi. Da sabon jini ne, da farin zare ya taso. Nan ba ta ga komai ba. Na'ura ta nuna guntaye ne kawai, ba sa karantuwa.

Dole aka koma ga jinin 'yar. Anti Lab ta miƙa wa abokiyar aikinta allurar, ita ta ɗebi jinin.

Ƙullutun bai zama daji ba. Jinin kuwa ya nuna wani sauyi da likita ya kasa cewa illa ne ko a'a, ya ce 'yar ta riƙa zuwa ana duba ta. Har yau Anti Lab ce ke raka ta, tana zaune a benci da jaka rungume a ƙirji.