Makullin Motar Kakata

A zauren gidanmu na Gwaram akwai wani allon katako da aka zana kakanninmu a jiki. Mai zanen bayan manyan motoci ne ya yi shi a Birnin Kudu tun Babanmu yana yaro, shi ya sa fentin ya yi kauri, idanun kuma suka fi ƙarfin fuskokin. Kakata, da muke kira Hajiya, ita ce zaune a kujera, gyale a kafaɗa, makullin mota a hannun dama. Mijinta yana tsaye a bayanta.

Ina yarinya na tambayi Baba me ya sa mace ta zauna namiji na tsaye. Ya ce ciwon ƙafa take yi ranar. Inna ta bari ya fita, tana tankaɗe ta ce, "Ciwon ƙafa a ina? Motar tata ce. Ita ke lodin dawa daga Basirka zuwa Kano, kakanki direbanta ne kafin ya aure ta. Ki bar shi a cikinki."

Na bar shi a cikina har na yi furfura, sannan bakina ya ja min. Yayana ne ke riƙe da gidan yanzu, 'yarsa ta fari kuma ta sami gurbin karatun gyaran injinan noma a Kano. Uban bai ce e ba, bai ce a'a ba, takardar dai tana aljihunsa. Don in ƙarfafa mata gwiwa, ni sarkin iyayi, na kwashe labarin makullin na ba ta.

Washegari da hantsi muna zaure mu uku, ta nuna allon. "Baba, ai Hajiya ma mota gare ta. Ka ga ita ce a zaune."

Da ma faɗa ya yi, da hankalina ya kwanta. Yaya ya daɗe yana kallon allon kamar yau ya fara ganinsa, sannan ya juyo ya dube ni. "Fentin nan ya tsufa," in ji shi. Na hau mota zuwa gidana a Birnin Kudu, na yi sati uku ina kiran wayar yarinyar a kashe.

Ranar da na koma, warin sabon fenti ne ya tare ni tun daga ƙofa. An zuba wa Hajiya hijabi har ƙasa, an rusunar mata da ido, makullin ya koma hannun mijinta. Aikin ya yi kyau, abin haushin ke nan. Wani baƙo daga Maruta yana zaune yana cewa, "Allah sarki, matan da! Ka ga kunya."

"Haka muka taso muka gan su," in ji Yaya. Na kalli fuskarsa na ji tsoro, don ba alamar ya san ƙarya yake yi.

Na sami yarinyar a tsakar gida tana surfe. Na ce, "Ina maganar Kano?"

Ta leƙa ƙofar zaure tukuna. "Gwaggo, Baba ya ce Hajiya ba ta taɓa mallakar mota ba. Wai ke kika ƙirƙira."

"Ke fa? Shekara nawa kina wuce allon nan? Me kika gani da idonki?"

Ta ɗaga taɓarya, ba ta dube ni ba. "Na manta yadda yake a da, Gwaggo."