Ƙadangaren da Ya Ga Haƙorina

Duk ƙadangaren da ya rayu a unguwarmu ta Dogo Nini zamanin yarintata, in ka gan shi da guntuwar wutsiya, to aikina ne.

Ina aji huɗu haƙorina na gaba ya yi baƙi ya kama ciwo. Ba mamaki. Ran da babu koko, alawa ce karin kumallonmu, buroshi kuwa sai a hannun 'ya'yan ma'aikata muke ganinsa. Inna ta cusa mini kanumfari, ta cusa gishiri, har garin taba ta samo wurin wata tsohuwa, na wuni ina atishawa kamar akuya. Ina! Baki ya kumbura sai ka ce na ɓoye ƙosai.

Ta kai ni asibiti. Malamin asibitin ya leƙa bakina, ya ja ta gefe suka yi magana, ta fito ta kama hannuna. Sai kawai na gan mu bayan Kasuwar Shanu, gaban wani tsoho mai filaya.

"Buɗe, jarumi," in ji shi.

Jarumin ya kurma ihun da sai da shanu suka waiwayo.

A gida Inna ta ce in wurga haƙorin kan rufin ɗaki sabo zai fito, amma kada in kuskura ƙadangare ya gani. Na dunƙule shi, na wurga. Ashe wani jan gwada na kan katanga, yana ta gyaɗa kai kamar mai ba da shaida.

Haƙori bai fito ba. A makaranta na zama Mai Wawulo, dariya ma sai na rufe baki. Na ji haushi, wallahi. Na yi danƙo, na shelanta yaƙi, ban bar babba ba, ban bar yaro ba.

Bana haƙorin 'yata ya faɗi muna gidan Inna. Kafin ta wurga, ni da gemuna na ɗauki dutse ina sintiri gindin katanga. Inna ta yi dariya har da hawaye, sannan ta dube ni.

"Ɗan nan, ajiye dutsen. Naka haƙorin girma ne, ba ya dawowa. Malamin ya ce a Damaturu za a iya ceto shi, ni kuwa ran nan ko nan Damagum ba ni da kuɗin kai ka." Ta goge ido da gefen mayafi. "Na ga gara ka ji haushin ƙadangare da ka ji nawa."